Takalman da suka buɗe baki a hanyar Maraɗi

Kamar sati biyu bayan ƙaramar sallah Yaya ya kira ni a waya, daga jin muryarsa ka san ba lafiya ba, ya ce in na tashi daga makaranta in biyo ta shago. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, tun yana yaro yake sana'ar takalmi a nan Kano, ni kuma kemistiri na karanta ina koyarwa a sakandare, toh duk abin da ya shafi gam ko fenti ko wani ruwa mai wari ni ake nema. Da na isa na tarar an zazzage buhu biyu a tsakar shago, takalman maza ne da suka yi ta kwana a kansu cikin azumi, wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana ɗaukar kaya a wurinsa shi ya kai su Maraɗi, ga su nan an dawo da su duk sun buɗe baki. Wasu an ɗan sa su kwana biyu uku, wasu ko ƙafa ba ta taɓa shiga cikinsu ba, a cikin buhun suka ɗaga.

Yaya ya ce "Malam, gam ɗin nan na bogi aka sayar min, shekara nawa ina wannan aiki ban taɓa jin kunya irin wannan ba." Kuma wallahi na ji masa, don ba kuɗin ne ya fi damunsa ba, amanar da ke tsakaninsa da mutumin nan ce. Na ce Yaya kafin mu ɗora wa kowa laifi bari mu duba inda kowane takalmi ya rabu, don gam in ya saki yana barin shaida a wurin. Muka shimfiɗa tabarma, yaran shago suka riƙa miƙo mana ɗaya bayan ɗaya muna ƙarasa ɓare sol ɗin muna kallon fuska biyun, kafin magariba sun kasu kashi uku, kuma kowane kashi ciwonsa daban duk da kusan dukansu galan ɗaya aka ɗebi gam ɗinsu.

Gam ɗin da ake magana shi ne farin nan mai kama da ruwan koko mara kauri wanda ake rubuta PU a jikin gwangwaninsa, wato foliyuretan. Wani Bajamushe Otto Bayer da abokan aikinsa suka fara haɗa shi a 1937 a garin Lebakuzen, kuma tun daga lokacin asalin abin bai canza ba, sinadari biyu ake aurarwa, ɗaya ana ce masa aisosayanet ɗaya kuma foliyol, duk inda suka haɗu sai su ƙulla wata gaɓa da ake kira yuretan, haka za su yi ta ƙulluwa har su zama dogon zare. Katifar soso da gam ɗin gilashin mota da wannan na takalmi duk dangi ɗaya ne, bambancin yana ga irin foliyol da irin aisosayanet da aka zaɓa da yadda aka auna su. A na takalmi an riga an gama ƙulla zaren tun a kamfani, sai aka narkar da shi cikin ruwa mai saurin tashi irin su asiton da etil asitet, shi ya sa in ka buɗe galan mafi yawan abin da ke ciki wannan ruwan ne, ainihin gam ɗin bai cika wuce kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ba.

Kashi na farko shi ya fi yawa kuma shi ya fi ba Yaya mamaki. Baƙin sol ne na roba, in ka ɓare sai ka ga gam ɗin gaba ɗaya ya bi fata ya manne mata gam-gam, ko da farce ba ka kankare shi, amma fuskar robar tas take tana ƙyalli kamar ba a taɓa shafa mata komai ba. Na ce Yaya kalli nan, in da gam ɗin na bogi ne ai da bai kama fatar haka ba. Abin da ke faruwa shi ne waccan gaɓar ta yuretan tana ɗauke da naitirojin da oksijin da haidirojin, kuma waɗannan suna sa zaren ya zama mai ɗan caji a wurare da yawa, gefe ɗaya na ja gefe ɗaya na karɓa, toh duk abin da shi ma yake da irin wannan cajin sai su riƙe juna. Fata cike take da shi don furotin ce, ga ta kuma da gashi-gashin da gam zai shiga ya sarƙe in an goge ta da samfefa. Sol ɗin PVC, wani nau'in filastik, shi ma yana da shi saboda kulorin da ke jikinsa. Ita kuwa baƙar roba kusan kabon ne da haidirojin zalla, ba ta da wurin kamawa, tsakaninta da farin gam kamar ruwa da man gyaɗa ne, za su zauna a kwano ɗaya amma ba za su haɗu ba. Ƙari a kan haka masu yin roba suna zuba mata kaki da wasu sinadarai don kar rana da iska su tsattsaga ta, wannan kakin yana tasowa saman robar a hankali, ko ka goge yau in ka bar ta ta kwana biyu wani zai sake fitowa, kaga kenan gam ɗin ma a kan kaki ya kwanta ba a kan roba ba.

Na ɗiga ruwa a kan sol ɗin suka ga ya dunƙule kamar ƙwayar tasbaha yana gangarewa. Nan ɗaya daga cikin yaran ya ce ai da akwai wani ruwa da ake fara shafawa, firaima, amma ya ƙare ana saura kwana goma sallah, kuma da aka je Ƙofar Wambai ba a samu ba a ranar, sai aka ce a ƙara gurza samfefa kawai a wuce. Yaya ya yi shiru don shi ya ba da umarnin, a ganinsa firaima wankin datti kawai yake yi, in an gurza sosai ai an wanke. Wannan fahimtar ce ta cinye kusan rabin kayan kuma na san ba shi kaɗai ke da ita ba. Firaiman roba ba sabulu ba ne, wani sinadarin kulorin ne, irin ƙwayar da ake jefawa a ruwan ninƙaya na otal, an narkar da ɗan kaɗan kamar kashi 2 cikin ɗari a etil asitet. In ya taɓa roba sai kulorin ɗin ya afka wa wasu gaɓoɓin kabon da ke da ƙulli biyu ya zauna a wurin, ya kuma ɗan tsattsaga saman yadda ido ba ya gani, cikin minti kaɗan fuskar robar ta koma mai caji irin wadda farin gam ke so. Wato ana canza robar ce da kanta, samfefa kuwa duk gurzar da za ka yi roba za ka tarar a ƙasa. Shi ma yana da nasa sharaɗin, ba a zuba shi a gwangwanin ƙarfe don yana cin ƙarfe ya mutu, ba a lafta shi don in ya yi yawa yana barin farin gari da gam zai kama maimakon roba, sannan a bar shi ya bushe sosai kafin a shafa gam. Kuma don Allah kar wani ya ce zai haɗa nasa a gida da ƙwayar kulorin da tina, akwai ruwan da in sun haɗu da shi hayaƙi mai guba da zafi suke tayarwa, a sayi haɗaɗɗe.

Kashi na biyu shi ya fi ɗaukar hankalina. Sol ɗin PVC ne, ga gam a jikin fata ga gam a jikin sol, kowanne ya kama nasa da kyau, amma tsakiyar gam ɗin ce ta rabu, har kana ganin ya ja zare-zare kamar cingam sannan ya daskare a haka. Waɗannan su ne waɗanda ko sa su ba a yi ba. Na tambayi yadda aka tafi da kayan, aka ce a buhun leda aka ɗaure su a saman mota, da rana tsaka, a watan da zafin Kano ke kai maki 40 a inuwa.

A nan sai an fahimci dalilin da ya sa ake gasa farin gam tun farko. Kowa a shago ya san in ka shafa shi ya bushe ba ya danƙo ko kaɗan, za ka iya taɓa shi da yatsa, sai an kara shi a wuta ko an hura masa draya sannan ya farka ya kama. Dalili shi ne dogon ɓangaren zaren, wanda aka yi da foliyesta, yana da halin jeruwa, in ya huce zarurrukan sai su kwanta kusa da juna a tsare su daskare, kamar man kaɗanya da hunturu. In zafi ya kai wajen maki 50 zuwa 60 sai jerin ya rushe, gam ɗin ya yi laushi, zaren wannan fuska ya kutsa cikin zaren waccan fuska in an matse su, da ya huce sai su sake jeruwa tare su zama abu ɗaya. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai don ita ke sa sol ya kama nan take ba sai an ɗaure shi ya kwana ba. Amma gam ɗin bai san bambancin zafin draya da zafin saman mota ba. Baƙin sol a cikin leda a rana, ko a kan kwalta da azahar, ko a but ɗin mota, yana iya kai wannan makin cikin sauƙi, ga shi kuma sol ɗin da aka lanƙwasa yana son ya koma yadda yake, da gam ya yi laushi sai ya ja abinsa ya miƙe.

Maganin wannan shi ne hadna, ɗan ruwan nan na ƙaramar kwalba da ake ɗigawa kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Shi aisosayanet ne mai rai, kuma maimakon hannu biyu yana da uku, toh sai ya kama bakin wannan zare ya kama na wancan ya kama na can, cikin kwana ɗaya zuwa uku zarurrukan da da a jere kawai suke sun zama saƙa. Man kaɗanya ko sau nawa ka narkar zai narke ya sake daskarewa, amma ƙwai in ya dahu ya dahu, abin da hadna ke yi wa gam kenan. Yaya ya ce ai ya sa hadna, da hannunsa ma, ya tashi ya ɗauko kwalbar. Da na ɗaga ta a haske sai na ga ruwan ya yi gajimare, ga wani gari-gari ya kwanta a ƙasa, bakin murfin ya yi ɓawo. Na ce yaushe aka buɗe ta, ya ce tun daminar bara, babbar kwalba ya saya don ta fi araha, ana ɗiba ana rufewa, wani lokacin yaran su bar ta a buɗe har a gama shafa.

Shi aisosayanet ba ya zaɓe, duk abin da ke da haidirojin mai saurin fita zai kama, kuma ruwa na cikin waɗanda ya fi saurin samu. Laimar iskar watan Agusta kaɗai ta ishe shi, kowace buɗewa sai ɗan tururi ya shiga, su haɗu su ba da iskar kabon dayoksaid da wani daskararren abu mai suna yuriya, wannan garin da muka gani a ƙasan kwalba shi ne gawar hadnan. Abin da Yaya ya yi ta ɗigawa cikin azumi kusan ruwan narkarwa ne kawai ya rage. Abin sha'awa, wannan halin da ya kashe masa kwalba shi masu sa gilashin mota suke cin abinci da shi, baƙin gam ɗinsu na cikin bututu aisosayanet ɗinsa a raye yake, laimar iska yake jira ya ƙulle, shi ya sa da damina yake saurin kamawa, da hunturu kuwa da iska ta bushe ƙarau sai ya yi ta jan lokaci. Haka ma gam ɗin katako mai kumfa, kumfar nan kabon dayoksaid ɗin ne ke neman hanyar fita.

Ban so Yaya ya yarda don na faɗa kawai ba, don haka muka yi gwaji. Washegari ya sayo sabuwar ƙaramar kwalba, muka dama gam kashi uku a murafen kwalba, ɗaya babu hadna, ɗaya da tsohon, ɗaya da sabon, muka shafa a kan gilashi muka bar su kwana uku. Da muka ɓare fatar gam ɗin muka jefa kowacce a asiton, ta farko da ta biyu suka narke suka ɓace, ta ukun ta kumbura ta yi laushi amma tana nan a dunƙule don saƙa ba ta narkewa. Sannan muka manna guntayen fata da sol da kowane haɗi, bayan kwana uku muka ajiye su a gaban gilashin motar maƙwabcinsa da azahar aka rufe ƙofofi, da muka dawo biyun da hannu ɗaya ake ɓare su suna jan zare irin na buhun Maraɗi sak, na ukun sai da Yaya ya sa filaya kuma fatar ce ta yage ta bar gashinta a jikin gam.

Akwai abin da ya biyo baya da ya kamata duk mai sa hadna ya sani. Da ka ɗiga shi agogo ya fara tafiya, abin da ka dama na aikin awanni ne ba na gobe ba, kuma wanda ka shafa ma kar ka bar shi ya kwana kafin ka gasa, don in saƙar ta riga ta ƙullu kowace fuska ita kaɗai toh zafi ba zai ƙara narkar da ita ba balle su shiga juna. Na lura wasu masu sana'ar da suka ce sun daina sa hadna don yana ɓata musu gam, yawanci wannan ne ya same su.

Kashi na uku kaɗan ne kuma bai ɗauke mu lokaci ba. A wasu za ka ga gam a fuska biyun sumul yana ƙyalli, ba su taɓa shiga juna ba, waɗannan na daren da aka ɗauke wuta ne, babu draya, yaro ya riƙa wulga sol a saman risho, gefe ɗaya ya gasu gefe ɗaya ko ɗumi bai yi ba, kafin ya kai kan fata ya ɗauki guduma ma ya huce. Sai ƙafa kaɗan da farin gam ya yanke aka cike da gam mai ruwan ɗorawa, wanda ake kira Evo-Stik ko wane kamfani ne ya yi shi. Shi wannan niyofirin ne, gam ne mai kyau a kan fata da roba kuma ba ya buƙatar wuta, amma ba a yi shi don PVC mai laushi ba. Abin da ke sa PVC laushi wani mai ne da ake zuba masa da yawa, sau da yawa ya kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, man nan ba a ƙulle yake ba yana yawo, in ya samu niyofirin sai ya tsotsu cikinsa ya mai da shi kamar kunu mai yauƙi, zafi kuma yana ƙara masa gudu. Foliyuretan na jure wannan man, kuma ruwan narkarwarsa yana ɗan cin saman PVC ya buɗe masa hanya, wannan ma na cikin dalilan da ya sa masana'antun takalma suka rungume shi da sol ɗin PVC ya yawaita.

Maganar rishon nan ta tsaya min a rai fiye da asarar. Shago ne ƙarami, taga ɗaya, ga galan a buɗe tururin asiton na tashi, ga wuta a kunne a ƙasa, ga yara 'yan shekara sha biyar sha shida suna shaƙa daga safe har dare. Tururin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Shi kuma hadna in mutum ya daɗe yana shaƙarsa yana iya jawo asma wadda in ta kama ko ɗan kaɗan ya shaƙa daga baya sai ta tashi, a ƙasashen Tarayyar Turai tun watan Agustan 2023 doka ta ce sai ma'aikaci ya samu horo kafin ya yi aiki da kayan da dayaisosayanet ɗinsu, wato aisosayanet mai hannu biyu, ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari. Na ce Yaya 'ya'yan mutane ne aka ba ka amana, a fitar da teburin shafa gam waje ƙarƙashin rumfa, wuta kuma ta yi nesa da galan. Bai yi musu ba, a ranar aka ja teburin.

Gyaran ya ci kusan sati uku. Aka kankare tsohon gam, baƙin sol aka gurza aka shafa firaima a kofin roba, na PVC aka goge da asiton, waɗanda man ya riga ya jiƙa fatarsu aka haƙura da su. Hadna yanzu ƙaramar kwalba yake saya yana rubuta ranar buɗewa a jiki, yana auna shi da sirinji maimakon ido, kuma ba ya barin kaya su fita shago sai sun kwana uku. Da ɗan kasuwar ya zo Yaya bai ɓoye masa komai ba, ya nuna masa tsohuwar kwalbar ya ce "Alhaji laifin daga wurina ne, ba daga mai gam ba." Alhajin ya ɗauki ƙafa ashirin ya ce zai gwada tukuna, bayan wata ɗaya ya aiko a ba direba sauran.

Abin da har yanzu muke fama da shi shi ne sol ɗin soso mara nauyi, EVA, wanda matasa suka fi so yanzu. Shi ma ba shi da cajin kirki, kuma firaiman roba ba ya yi masa aiki don ba shi da waɗancan gaɓoɓi masu ƙulli biyu da kulorin zai kama, nasa firaiman daban ne, manyan masana'antu har fitila ta musamman suke haska masa kafin gam ya zauna. Mun gwada gurza mai zurfi da shafa gam sau biyu, ya fi da amma in ka sa ƙarfi a bakin yatsu yana ɗagawa, don haka duk takalmin da ke da irin wannan sol Yaya yana manna shi sannan ya bi gefen da ɗinki.